INA MANYAN TARWAƊUN SUKA TAFI?

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, don haka masu jiran a ɗaura aure a ƙarshe sai su yi haƙuri. Abin da ya sa na ajiye wancan alƙalamin na ɗauki wannan, wata magana ce da ƙaramin ɗana ya yi mini ranar da muka je gida Dayi gaisuwar Sallah. Mun shiga zauren marigayi kawuna, sai yaron ya hangi wata tsohuwar raga rataye a jikin azara, ƙura da saƙar gizo-gizo duk sun lulluɓe ta, ya ce, "Baba, wannan ta kamun tsuntsu ce?" Na ce masa koma ce, da ita kakanka yake kama tarwaɗa. Sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Tarwaɗa ai a cikin tanki take, da kwando ake ɗebo ta."

Ban yi masa faɗa ba, domin kuwa gaskiyarsa ya faɗa. Tunda aka haife shi bai taɓa ganin tarwaɗar da ta fi damtsensa ba, kuma duk wadda ya gani a tankin siminti ko na tamfol ya gan ta. Ni kuwa da idona na ga tarwaɗar da aka rataya a kafaɗar ƙato wutsiyarta tana sharar ƙasa, kuma ba a Argungu ba, ba a Yawuri ba, nan bayan garinmu. To tun daga ranar nake tambayar kaina, daga ina irin waɗannan suke zuwa, kuma ina suka tafi? Ni ba masani ba ne, a sakandare karatuna ya tsaya, amma na yi tambaya, na yi karance-karance, na kuma haɗa da abin da na ji daga bakin Kawu.

Duk wanda ya san ƙasarmu ya san mu ba mutanen ruwa ba ne. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Malumfashi, Dayi, manoma ne, masara da dawa da auduga su ne tutiyarmu. Ba mu da gulbin da jirgi zai bi. Amma akwai wani abu da da yawanmu ba mu lura da shi ba: ƙasarmu tudu ce, kuma a kan tudu ake haihuwar gulabe. Gulbin Sakkwato da ake ji, tushensa yana nan kusa da Funtuwa. Daga nan yake gangarawa ya bi ta Gusau, ya wuce ƙasar Talatar Mafara, ya haɗu da Rima a kusa da Sakkwato, ya karkata kudu ya ratsa Argungu da Birnin Kabi, sannan ya faɗa Kwara. Ita kuma Kwara ta ɗauke shi ta bi da shi Yawuri, Jaba, Lakwaja inda Binuwai take shigowa, ta wuce Anaca, har ta rarrabu gida-gida ta zube a teku. Ta gabashinmu kuma ƙoramu suna gangarawa Chalawa su nufi Haɗeja. Wato ruwan saman da ya zuba a gonar wani bawan Allah a ƙasar Funtuwa, wata rana shi ne Bakabe zai jefa homarsa a ciki. Turawa sun daɗe suna neman inda wannan hanya ta ƙare, a kanta Mungo Park ya mutu a Busa a 1806, sai a 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka biyo ta daga ƙasar Busa da Yawuri har bakin teku.

Ruwa yana bin hanyar nan ya gangara, kifi kuma yana bin ta ya hauro. Kada mai karatu ya ce na ce tarwaɗa tana tasowa daga teku ta zo Dayi, a'a. Abin da take yi shi ne, da rani tana laɓewa a cikin gurabe masu zurfi na manyan gulabe, da zarar ruwan farko ya sauka ƙoramu suka kawo, sai ta taso cikin dare tana sāɓa wa ruwa, daga gulbi zuwa rafi, daga rafi zuwa fadama, tana neman ciyawar da ruwa ya shanye don ta zuba ƙwai. Idan damina ta ɗauke ruwa ya fara janyewa, wasu su koma inda suka fito, wasu kuma hanya ta yanke musu su maƙale a tafkuna da gurabe irin namu. Allah ya yi wa tarwaɗa wata baiwa a cikin kai wadda take shaƙar iska da ita kamar ni da kai, shi ya sa ko ruwa ya koma caɓi tana nan da ranta, har takan ja ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa da dare ta sauya tafki. Sai dai ba ta kai gaiwa ba, ita gaiwa ko ƙasa ta bushe ƙamas tana naɗe a cikinta har wata daminar. Mutane kan haɗa su, amma ba ɗaya ba ne. Akwai kuma babbar yayarta, ramboshi, wadda ake ganewa da wani tsoka-tsokan fiffike a bayanta kusa da wutsiya, ita ce takan yi girman da ake ba da labari.

Kawu manomi ne kamar kowa, amma ruwa ya shiga ransa tun yana saurayi. A shekarun farin nan na 1973 da 1974, da gona ta ƙi, ya bi ayarin 'yan ci-rani ya yi Kudu, ya ƙare a ƙasar Wari yana dakon kifi a bakin ruwa. Shekara biyu ya yi. Da ya dawo ya zo da wani labari da har ya tsufa ana tsokanarsa da shi a majalisa. Cewa yake yi a can akwai koguna da suke cika su janye sau biyu a kwana ɗaya, ba hadari ba ruwan sama. Ka ɗaure jirginka da safe yana yawo a kan ruwa, kafin azahar ka tarar da shi zaune a kan taɓo, ruwan ya tafi abinsa, zuwa la'asar kuma ya dawo kamar an kira shi. Ya ce har kogin ma juyawa yake yi, ya riƙa gudu yana komawa inda ya fito. Dattawa su ce, "Kai dai ka je Kudu ka koyo ƙarya." Mu yara kuwa mu ce aljanu ne suke shanyewa.

Kifin rijiya ke nan. Sai da na girma harkar littattafai ta kai ni Fatakwal, na tsaya a bakin wani rafi na ga abin da idona, na ga taɓo baƙi ƙirin da jirage kwance a kansa, bayan 'yan sa'o'i na dawo na ga ruwa fal. A wurin na ce Allah ya jiƙan Kawu, mun ɗauki alhakinsa. Ashe wata ne yake jan ruwan teku, rana tana taya shi, teku kuma ta turo ruwan cikin kogunan da suke bakinta. Kullum lokacin cikar yana ja baya da kusan minti 50, kuma ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren goma sha huɗu.

Abin da ya fi burge Kawu shi ne yadda masuntan can suka mayar da wannan kai-komo agogonsu. Ya ce idan ruwa yana shigowa, kifi yana biyo shi ya shiga cikin saiwoyin itatuwan bakin ruwa yana kiwo, a lokacin sai su datse bakin ƙaramin rafi da shingen gwangwala ko raga. Idan ruwa ya janye, kifi ya zo fita ya tarar an rufe ƙofa, sai tsinta kawai. Manya kuwa ba sa yarda a ritsa su a nan, tun ruwa bai gama janyewa ba suke sulalewa su koma rami mai zurfi a kwanar kogi, inda ruwa ya ci gaɓa ko itace ya faɗa. A can ake bin su da dogon layi mai ƙugiyoyi. Wanda suka fi ji da shi a irin wannan ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ba tarwaɗarmu ba ce, wani ɗan'uwanta ne fari mai gashin baki wanda masuntanmu suke kira warushe, Yarabawa kuma su ce obokun.

Daga nan Kawu ya fitar da maganar da ya rayu a kanta. Yakan ce, "Ɗan nan, mu ma namu ruwan yana cika yana janyewa, sai dai su nasu sau biyu a kwana, mu namu sau ɗaya a shekara. Ilmin ɗaya ne. Kada ka nemi babba inda ruwa ya yi yawa, ka tambayi kanka ina zai tafi idan ruwa ya ƙare."

Akwai wani gurbi a rafin bayan garinmu, a gindin wata tsohuwar giyayya, wanda ko a watan Afrilu ba ya ƙafewa. A lokacin ƙa'ida ce, daga ɗaukewar damina ba mai jefa ko da fatsa a irin wannan wuri sai ranar da manya suka sa ta su. Yaron da aka kama yana satar fatsa, tun kafin ya iso gida labari ya riga shi, bulala na jiransa. Idan zafi ya yi zafi, an gama sussuka an kai auduga, sai a yi shela a kasuwa, ranar kuwa ka ga mutane daga ƙauyuka, wasu da koma, wasu da kwando, wasu hannu kawai, mata da 'yanmata a gaɓa da ƙwarya. Gaba ɗaya ake faɗawa, a dama ruwan har ya koma kunu, kifi ya rasa inda zai sa kansa.

Shi Kawu ba a ranar yake fara sunsa ba. Kwana bakwai kafin nan, daga masallacin asuba sai ya zarce bakin gurbin ya tsuguna, ba ya ko tari. Shekarar da nake aji biyar a firamare ya yarda na bi shi. Ya ce in zuba ido a kan ruwa. Tunda tarwaɗa sai ta hauro ta shaƙi iska, dole ta tona wa kanta asiri. Ƙanana suna fitowa fat-fat ko'ina, ba a kula su. Can sai muka ga ruwa ya yi wani lumshewa a hankali daf da saiwar giyayyar, wani baki mai faɗi ya buɗe ya rufe, kumfa biyu suka taso, shi ke nan. Kawu ya matse mini hannu. Washegari a nan ta sake fitowa, jibi ma haka. Ya ce, "To mun san ɗakinta."

Ranar su, jama'a suka yi tsakiyar ruwa da ihu, shi kuwa ya miƙa mini komarsa ya zagaya gindin itacen shi kaɗai. Ya fara zura sanda a ƙarƙashin saiwa, don irin wannan kogo ba kifi kaɗai ke shigarsa ba, akwai maciji, akwai minjirya mai jan mutum kamar wayar lantarki. Sannan ya shafa bakin ramin ya ji ya yi sumul da yauƙi, alamar ana shiga ana fita. Ya toshe ɗaya ƙofar da buhu, ya ja numfashi ya nutse. Ina tsaye ina ƙirga, na kai talatin, na kai arba'in, na fara kuka. Sai ruwa ya tashi sama kamar an jefa jaki, ga Kawu ya fito hannunsa ɗaya cikin bakinta har wuyan hannu, ɗayan ya saƙale ta ta ƙarƙashin kunne, tana dukansa da wutsiya yana tangaɗi. Sai da mutum biyu suka kama masa. Ƙayar gefenta ta tsaga masa hannu, tabon yana nan har ya koma ga Allah. Ba a auna ta ba, wa yake da sikeli a bakin rafi? Na dai san gida huɗu aka raba wa, kuma kanta kaɗai ya cika tukunyar Inna.

Da na fara bincike sai na gane wannan doka ta hana taɓa ruwa sai ranar su, ita ce dai Kabawa suka riƙe har duniya ta san su da ita. Su kam ruwa gadonsu ne tun zamanin Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Songhai wajen 1516 ya gina Surame, ga kuma Sarkawa, waɗanda asalinsu masuntan Songhai ne da suka biyo Kwara. Suna da Sarkin Ruwa, suna da gyaran ruwa da fashin ruwa, wato buɗe su na shekara. Bikin da ake yi yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu, ziyarar da ta rufe gabar da ta faro tun faɗuwar Birnin Kabi a hannun masu jihadi a 1805. Aka shirya masa su don girmamawa, abu ya zama al'ada, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Sirrin Matan Fada bai wuce wanda Kawu ya sani ba: wuri ne da ake hana taɓawa shekara guda, sai a sake shi na kamar sa'a ɗaya, dubban mutane da homa da gora. Abin da muke cewa koma su homa suke cewa. Sai dai in faɗi gaskiya, kifin da yakan ci gasar galibi giwan ruwa ne ba tarwaɗa ba. A 2020, bayan an yi shekara goma ba a yi bikin ba, wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi. A 2008 kuwa har abin kunya aka yi, aka gano kifin da ya ci gasar mushe ne aka shigo da shi daga wani ruwan, aka ƙwace kyautar. Ni a ganina ranar da aka fara satar shigo da kifi Matan Fada, ranar ya kamata kowa ya tambayi lafiyar gulbin.

To me ya faru da hanyar? Datse ta aka yi, gaɓa-gaɓa. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ya shanye tsohuwar Busa, aka tashi mutane sama da dubu arba'in. An gama Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, wanda rikicin filayensa ya ci rayukan manoma a 1980. Zobe ta ƙasar Dutsinma a 1983, Goronyo a kan Rima a 1984, Chalawa ta Ƙaraye a 1992. Nan gida kuma shirin noma na Funtuwa da aka fara a 1975 da kuɗin Bankin Duniya ya yi hanyoyi da ƙananan madatsai a ƙauyuka. Kowane bango an yi shi da dalili, kuma ba zan ci amanar dam ba, ruwansa muke sha, da shi ake noman rani, har masunta daga Kabi da Yawuri sun zo sun zauna a bakin wasunsu suna cin abinci. Amma bango ba ya tambayar kifi ina za shi. Wanda ke ƙasa ba ya iya haurowa, fadamun da ke ƙasan dam kuma ambaliyar da take shanye ciyawa ta ragu, wurin zuba ƙwai ya tsuke. Masuntan ƙasan Bakolori tun a farkon shekarun 1980 suka fara kukan kifi ya ja baya, da yawansu suka koma tafiya su wasu wurare.

Sai dai idan na ɗora wa dam laifin duka na yi son kai, domin abin da ya kashe gurbin giyayya hannunmu ne. Mun yi noma har cikin rafi, ƙasa ta zaizayo ta cike ramukan. Injinan ban-ruwa suka zo, kowa ya zura tiyo, ruwan da yake kai wa Afrilu ya koma ƙarewa a Janairu. Masu tifa suka kwashe yashi. Mafi muni kuma guba. Da can ma akwai masu daka magimfa su zuba a ruwa kifi ya bugu, manya suna hanawa, amma ita magimfa kwana kaɗan take yi ta wuce. Da maganin ƙwari ya yawaita a hannun manoma sai wasu marasa tsoron Allah suka gano Gamalin. Ina sakandare aka wayi gari wata Talata gurbin ya yi fari fat da cikin kifi, manya da ƙanana har da kwaɗi, wani ya zuba cikin dare ya kwashi na kwasa ya bar sauran suna ruɓa. Ba a taɓa sanin ko wane ne ba, ko kuma an sani aka yi shiru, don garin duk dangi ne. Kawu ya je ya tsaya ya daɗe, ya dawo ya rataye komarsa a azara. Daga shekarar ba a sake shelar su ba.

Tarwaɗa tana buƙatar shekaru kafin ta zama irin wadda na gani, kuma tana buƙatar rami da za ta ɓuya a kyale ta. Yanzu wa zai kyale ta? Ragar sauro ma da aka raba don zazzaɓi, da ita wasu suke tace 'ya'yan kifi. Abin mamaki kuma, ba a taɓa cin tarwaɗa a ƙasar nan kamar yanzu ba. Tun daga wajen shekarar 2000 kiwonta ya bazu, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen kiwon irin wannan kifi. A ƙyanƙyashe ta a roba, a ɗura mata abinci wata huɗu zuwa shida, ta kai kilo ɗaya a sayar wa mai farfesu. Ina ci, ba na ƙi, sana'a ce da ta rufa wa matasa da yawa asiri. Amma wadda aka haifa a tanki ba ta san daren ruwan farko ba, naman ma in ka tauna ka san bai yi tafiya ba.

Kafin mu bar Dayi na ce wa ɗan Kawu, wanda yake riƙe da gidan yanzu, "Yaya, ka ba ni komar nan." Ya ce, "Ɗauki mana, ɓeraye ne kawai suke amfana da ita." Da yamma na kama hannun yaron muka zagaya bayan gari in nuna masa wurin. Giyayyar an sare ta, sai kututture. Inda Kawu ya nutse har na ƙirga arba'in, wani ya ja kunya-kunya ya dasa tumatir, yana tsaye yana ba shi ruwa daga rijiyar burtsatse. Na nuna wa yaron saiwar na ce a ƙarƙashin nan ɗakinta yake. Ya leƙa, ya zura hannu, ya fito da busasshiyar ƙasa da gidan tururuwa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Baba, wannan ma cikin littafinka ne?"